Ruwan Sha A Amurka: An Ji Jama'a, An Kuma Yi Niyyar Ɗaga Wa'adi

A cikin watan Maris na 2023 ne Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fito da daftarin dokar da za ta ƙayyade yawan wasu sinadarai da ake kira PFAS a cikin ruwan famfo, ta kuma nemi jama'a su faɗi albarkacin bakinsu kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. Takardun da aka aika mata sun haura 120,000. Ba shakka wannan al'ada ce mai kyau, amma abin dubawa shi ne wanda aka fi saurara bayan an rufe ƙofa.

Ana amfani da waɗannan sinadarai wajen yin tukwanen da abinci ba ya mannewa, da tufafin da ruwa ba ya ratsawa, da kumfar kashe gobara. Aibinsu shi ne ba sa ruɓewa. In sun shiga rijiya ko jinin ɗan Adam, sai su yi shekara da shekaru. A 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, wato PFOA, cikin jerin abubuwan da ke haddasa wa mutum sankara.

Ba hukuma ce ta fara gano ɓarnar ba. Wani manomi ne kusa da garin Parkersburg, a jihar West Virginia, ya ga shanunsa suna mutuwa, ya kai kamfanin DuPont ƙara a 1999. Shari'ar ce ta tono takardun da suka nuna kamfanin ya daɗe da sanin haɗarin. Daga baya aka gwada jinin mutane wajen 69,000 a yankin, kuma a 2012 masana suka ce akwai alamar dangantaka tsakanin PFOA da sankarar ƙoda da ta maraina. Wato dai talakawan nan sun ba da shaida da jikinsu tun kafin a nemi ra'ayinsu a takarda.

A Afrilun 2024 aka zartar da doka: kada PFOA da PFOS su wuce kashi 4 cikin miliyan sau miliyan, aka ba hukumomin ruwa wa'adi zuwa 2029. Nan da nan ƙungiyoyinsu da na masu masana'antu suka garzaya kotu. A Mayun 2025 kuma sabuwar gwamnati ta bayyana niyyar ɗaga wa'adin zuwa 2031, da janye iyakar da aka sa wa sauran sinadaran.

Kukan hukumomin ruwa ba ƙarya ba ne. Tace ruwa da gawayi na musamman yana cin kuɗi ainun, ƙananan garuruwa kuwa ba su da ƙarfi. To, amma maganin tsada ba shi ne a bar mutane su ƙara shekara biyu suna kwankwaɗar guba ba. Wanda ya ɓata rijiya shi ya kamata ya biya kuɗin yasa ta, kuma an riga an ga hanya: a 2023 kamfanin 3M ya yarda zai biya hukumomin ruwa fiye da dala miliyan dubu 10. Kamata ya yi gwamnati ta matsa wa sauran kamfanonin lamba su bi sahu, ta bar wa'adin 2029 yadda yake.