Harshen Latin Da Harshen Jama'a A Ibadar Katolika

Ya Malam Edita,

Ina roƙon fili in bayyana ra'ayina game da saɓanin da ya daɗe tsakanin mabiya ɗarikar Katolika a kan harshen ibada.

Tun da Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta halatta shigar da harsunan jama'a cikin ibada, bayan ƙarnonin da fada yake karanta addu'o'i da Latin yana fuskantar bagade, jama'a kuwa suna durƙushe a bayansa shiru, hujjoji suka rabu biyu: wasu na ganin an zubar da kwarjinin gadon magabata, wasu na cewa tsohuwar da ta ji Linjila da Hausa ta fahimce ta, ita ce ribar gyaran. Fafaroma Benedict ya sassauta wa masu tsohon tsari a 2007, Fafaroma Francis ya taƙaita izinin a 2021.

A ganina, tunda fahimta ita ce ginshiƙin ibada, gyaran ya dace. Amma wajibi ne shugabanni su riƙe masu ƙaunar tsohon tsari da adalci da haƙuri, kada saɓani ya zama gaba.

Naka mai karatu,
daga Kafanchan