Lafiya Uwar Jiki: Mura da tari, yaushe ake awo, kuma wane iri?



Hunturu ya sauka, ƙura ta tashi, gidan da kika shiga duk sai kin ji tari da jan majina. Tun da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020 muka saba da jin maganar awon hanci, kuma har yau mutanenmu a rabe suke. Wasu da yaro ya yi atishawa sai su ce a kai shi a auna. Wasu kuwa ko sunan awo ba su son ji, gara su tsaida mai tallar magani su sayi kafso. Duka biyun suna cin kuɗin da muka sha wahala muka tara, na biyun ma har da rai yake ci. Shi ya sa muka ce yau mu zauna a kan maganar.

Yawancin mura ƙwayar cuta ce da ake kira birus take kawo ta, kuma irinta da yawa. Akwai na mura ta yau da kullum, akwai girip mai kada babban mutum dare ɗaya da masassara da ciwon jiki, akwai korona, akwai kuma wadda likitoci ke kira VRS, mai tsananta wa jarirai. Alamominsu sun yi kama ƙwarai, ido kaɗai ba ya raba su. Kuma amoksisilin da danginsa ba su kashe birus ko ɗaya daga cikinsu. Duk kafson da aka haɗiya don mura, an dai zubar da kuɗi ne, an kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Tambayar da za mu riƙa yi wa kanmu ita ce: in an auna, sakamakon zai canza abin da za a yi? Mace mai ƙarfinta, majina da ɗan tari, tana cin abinci tana aikinta, ba ta buƙatar awon birus. Hutu, ruwa da yawa, kunu mai ɗumi, parasetamol in kai na ciwo, cikin mako guda zuwa kwana 10 za ta ware. Inda awo ke da amfani shi ne wajen waɗanda cutar ke iya kayarwa: mai ciki, tsofaffi, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, mai asma, mai ɗauke da sida. Su kam lokaci ne ke gudu. Maganin girip ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 da soma ciwo, na korona kuma cikin kwana 5. Wadda ta ce "bari mu ga abin da gobe za ta yi" har mako ya wuce, ko an auna an gano, lokacin maganin ya shige. Wani sa'in ma likita kan fara ba mai ciki magani bai jira sakamako ba, kada mu ga kamar ganganci ya yi.

Amma a ƙasarmu, jiki ya yi zafi, awon farko shi ne na masassarar cizon sauro, wanda ake tsaga yatsa a ɗiga jini, TDR ɗin nan da muka sani. Ko da akwai tari, a fara da shi, don sauro bai san ana hunturu ba. Kuma ko TDR ya nuna akwai, a gaya wa ma'aikacin lafiya maganar tarin, yaro na iya ɗaukar cuta biyu lokaci guda.

Awon birus kansa iri biyu ne manya. Na farko awon gaggawa: a sa tsinke mai auduga a hanci, a jiƙa shi a ruwan magani, a ɗiga a ɗan faranti kamar na TDR. Minti 15 zuwa 30 an gama. Layi biyu, akwai cutar, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. In ya ce akwai, a yarda da shi. In ya ce babu kuwa, nan ne ake rudar mutane, don wannan awon sai ƙwayar ta yi yawa a hanci yake ganinta. Ranar farko ta ciwo yana iya cewa babu alhali akwai. Don haka ga korona, in alamomi na nan kuma awo ya ce babu, a sake bayan kwana 2. Wadda kuma ta yi jinyar mai korona amma ita ba ta jin komai, ta jira kwana 5 kafin ta auna, in ta yi gaggawa aikin banza za ta yi. Na girip shi ma a kwanakin farko na ciwo ya fi kamawa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: waɗannan faranta ba su son zafi. Yawancinsu an rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 30, mu kuwa mun san abin da watan Afrilu ke yi a Tahoua da Zinder. Wanda ya kwana ya wuni a rana a teburin kasuwa ba abin dogaro ba ne. A yi shi a likita, ko a saya a farmasi a duba ranar lalacewarsa.

Na biyu shi ne PCR, awon labo. Shi ko ƙwayar kaɗan ce yana ganinta, kuma yana iya raba girip da korona da VRS. Sai dai yana son na'ura da gwanaye, sakamako kan ɗauki yini ko kwanaki. A Niamey cibiyar CERMES ce ke bin diddigin girip, ita ce kuma ta ɗauki nauyin awon korona tun farko. Wannan awon likita ne ke neman sa, galibi ga wanda aka kwantar ko wanda awon gaggawa ya ce babu amma jikinsa na ƙara tsanani. Yana da wani hali: bayan mutum ya warke daga korona, PCR na iya ci gaba da cewa akwai har makonni, saboda ragowar matattun ƙwayoyi. Bai dace a yi ta maimaita shi don a san ko an warke ba. Awon jini na neman garkuwar jiki kuwa tarihi kawai yake faɗa, wato an taɓa kamuwa ko an yi allurar rigakafi, ba ya faɗin ciwon yau.

Yanzu ga inda muke so kowace uwa ta buɗe kunne. Yaro ƙarami ba a jiran awon birus a kansa. VRS ba ta da maganin da ake sha ta mutu, abin da ke ceton jariri shi ne a gane da wuri numfashinsa ya canza a kai shi inda za a taimake shi, har da iskar oksijin in ta kama. Wannan awon a hannunmu yake, kyauta. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ki ɗaga rigarsa, ki duba agogon salula, ki ƙirga numfashinsa minti guda cif. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa sun canza launi, a tafi CSI a lokacin, ko tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zafin jiki kaɗai ya isa dalilin tafiya. Tun 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kada tsoron kuɗi ya zaunar da mu.

Tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, musamman da rama da zufan dare ko jini a kaki, ya fita daga sahun mura. Awon kaki ake yi masa don neman tarin fuka, wanda ba birus ba ne, kuma yana warkewa da maganin wata 6 in an sha shi har ƙarshe. Mun san ana jin kunyar sunan ciwon, amma mai ɓoye shi jikokinta take shaƙa wa.

Ba kowace CSI ke da awon girip ko na korona a ajiye ba, don haka in kin je ki faɗi ranar da ciwon ya soma, da ko akwai mai ciki ko tsoho ko jariri a gidan. Da wannan ma'aikacin lafiya zai san ko a auna, ko a tura ku gaba.

Saura tamu ta ƙungiya. Ranar zubi tabarma ɗaya muke zama, gwiwa da gwiwa, da goyo a baya. Mata da yawa kan zo da masassara don gudun tarar rashin zuwa. Muna roƙon shugabanni su kawo maganar a taro mai zuwa: mai tari da zafin jiki ta aiko da zubinta, ba tara a kanta, ta zauna gida har zafin ya sauka ta kwana ta wuni ba shi. A kuma amince tun yanzu nawa za a iya cirowa daga asusun taimako don kuɗin kabu-kabu ko mota, da wadda za a buga wa ƙofa in abin ya faru da dare.