RA'AYI: Maƙerin Bindiga Yana Jamus, Laifi Yana Kan Makiyayi

Yau ina so in yi magana a kan abin da kowa ke faɗa a ɓoye, amma ba a cika faɗarsa a taro ba, wato bindiga.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanan baya wani yaro ɗan ƙanena ya zo daga daji ya same ni a nan Zongo, bayan ɓarayi sun kore musu shanu da dare. Ya ce mini, "Baffa, zan sayar da bijimai huɗu in sayi irin ta sojoji, ƙirar Jamus, wadda aka ce ba ta cijewa." Na tambaye shi, "Ɗana, ka san wanda ya ƙera ta?" Ya ce bai sani ba. Na sake tambayarsa ko ya san inda kuɗin bijiman nan za su tafi, nan ma ya yi shiru. To amsar da na ba shi ita ce na kawo muku, domin na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba.

Mu da ke zaune a Baguida ai mun fi kowa sanin Jamusawa. A wannan gari ne a watan Yuli na 1884 wakilinsu Gustav Nachtigal ya sa hannu a takardar da ta mai da bakin tekun nan ƙarƙashin Jamus. Da suka kafa rundunar 'yan sandansu sun ɗauki Hausawa da yawa aikin soja, suka ba su bindigogin Mauser, aka yi arewa da su. A 1896 a Adibo, kusa da Yendi, 'yan tsirarun sojojin Jamus suka karya rundunar Dagomba mai ɗimbin yawa, ba don sun fi su zuciya ba, sai don ƙarfen da ke hannunsu. Waɗannan bindigogi na Mauser kuwa daga wani ƙaramin gari suke fitowa a kudancin Jamus, mai suna Oberndorf, a bakin kogin Neckar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Faransa suka wargaza masana'antar Mauser. Sai wasu ma'aikatanta uku, Edmund Heckler da Theodor Koch da Alex Seidel, suka haɗa kai suka buɗe nasu kamfani a garin a ƙarshen 1949, suka sa masa suna Heckler & Koch. Ku ji abin mamaki, da farko ba bindiga suke yi ba, domin an hana Jamusawa ƙera makamai a lokacin. Kayan keken ɗinki suke yi da kayan keken hawa da ƙananan kayan aiki. Amma Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Da Jamus ta Yamma ta sake kafa rundunar soja, sai suka koma sana'ar gado, kuma a 1959 rundunar ta karɓi bindigarsu mai suna G3, wadda aka ɗauko samfurinta daga wata da aka fara ƙerawa a ƙasar Sifen.

Gaskiya dai, ko maƙiyinsu ba zai ce ba su iya aiki ba. G3 tana cin harsashi 20, nauyinta ya ɗan wuce kilo 4, kuma gangar jikinta farantin ƙarfe ne da inji ke dannawa ya fitar, saboda haka tana da saurin ƙerawa da araha. Dabararsu ita ce wasu ƙananan ƙarafa guda biyu masu mirginawa, da ke riƙe bayan harsashi na ɗan ƙiftawar ido har ƙarfin albarushi ya ragu, sannan su saki. Da wannan dabara suka yi ƙaramar MP5 a 1966, wadda 'yan sandan ƙasashe da dama suka ɗauka. A 1970 suka fitar da VP70, bindigar hannu ta farko da aka yi jikinta da roba mai tauri. Sun ma gwada wata mai suna G11, wadda harsashinta ba shi da kwanso, amma gwamnati ba ta saya ba, kamfanin ya shiga matsi, har wani kamfanin Ingila ya saye shi a 1991, kafin ya koma hannun Jamusawa a 2002. Sun kuma yi G36, sannan HK416, wadda rundunar Faransa ta zaɓa a 2016.

To ina ruwan makiyayi da wannan tarihi? Ruwanmu shi ne yadda abin ya yaɗu. Ba bindiga kaɗai aka sayar ba, har da izinin ƙera ta. Fotugal da Turkiyya da Girka da Iran da Pakistan da Saudiyya duk sun ƙera G3 a masana'antunsu, kuma da ita Fotugal ta yi yaƙi a Angola da Mozambik da Gini Bisau. A Nijeriya ma, masana'antar makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964, wani kamfanin Jamus ne mai suna Fritz Werner ya gina ta. Wanda ya ba da aron bijimi ai ba ya iya ƙirga 'yan maruƙan da za su fito a rugar wani. Haka aka ƙera miliyoyi, kuma bindiga ba saniya ba ce da za ta tsufa ta mutu. Wadda aka yi kafin a haife ni tana nan tana aiki, ta fita daga ɗakin ajiyar soja zuwa hannun ɗan tawaye, daga can zuwa hannun ɓarawon shanu.

Ban ce wannan kamfani ne ya cika dazuzzukanmu da makamai ba. Kowa ya san wadda ta fi yawa a daji ita ce Kalashnikov ƙirar Rasha da kwafe-kwafenta, musamman tun da Libiya ta wargaje a 2011. Na zaɓi na Jamus ne saboda wani darasi guda. Tsakanin 2006 da 2009 an sayar da dubban G36 zuwa Meziko, wasu suka ƙare a jihohin da gwamnatin Jamus ba ta yarda a kai su ba, har da jihar da ɗalibai 43 suka ɓace a 2014. Masu fafutika suka bi sawu, aka je kotu, kuma a 2019 kotun Stuttgart ta ce a karɓe Yuro miliyan 3.7 daga kamfanin, wato sama da sefa biliyan 2 da miliyan 400. Tun a 2016 ma kamfanin ya sanar cewa zai taƙaita ciniki ga ƙasashen ƙawancen NATO da makamantansu. Me ya sa abin ya yiwu? Saboda kowace bindiga tana da lamba a jikinta, kamar yadda kowace saniya take da shaida a kunne ko a cinya.

Ga inda kukanmu yake. Idan saniya ta ɓace a Cinkassé, dillali a Adétikopé yana iya duba shaidarta ya faɗi rugar da ta fito. Amma idan jandarma suka kama bindiga a daji, sai a ɗauki hoto, a ce an kama makiyaya da makamai, shi ke nan magana ta ƙare. Ba a gaya mana masana'antar da ta yi ta, ko gwamnatin da ta fara sayenta, ko wanda ya buɗe ɗakin ajiya ya fitar da ita, ko motar da ta tsallake iyaka da ita. Makiyayi ba shi da maƙera, ba shi da jirgin ruwa, ba shi da hatimin duwan. An bar jaki ana dukan taiki. Alhali kuwa dokar tana nan: shugabannin CEDEAO sun dakatar da shigo da ƙananan makamai a Abuja a 1998, sannan suka yi yarjejeniya a 2006 wadda ta wajabta sa wa makamai alama da rubuta su. Kuma cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwance ɗamara a Afirka a nan Lome take tun 1986, kuɗin mota kaɗan ne daga Baguida.

Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Akwai 'ya'yanmu da suka ɗauki wannan ƙarfe, wasu don tsoro, wasu don kwaɗayi, kuma sun jawo mana abin da ba za mu gama biya ba. Binuwai ta hana kiwon sake a 2017. Benin ta rufe iyakarta ga shanun ƙetare a ƙarshen 2019. A nan Togo, tun bayan harin Kpékpakandi na watan Mayun 2022 da dokar ta-ɓaci da aka sa a yankin Savanes a shekarar, kowa ya ga irin kallon da ake yi wa mai sanda da malafa a shingen bincike. Bindiga ɗaya a ruga ɗaya ta isa ta rufe wa garke dubu burtali.

Shi ya sa na ce wa ɗan ƙanena, bijimai huɗu suna iya aurar da kai, amma bindiga ba ta haihuwa, ba a tatsar ta, kuma harsashinta ma sai ka sake sayar da wata dabba. Ɓarawo ya gan ka da ita, ya dawo da mutum goma. Soja ya gan ka da ita, ba zai tambayi sunanka ba. Manomi ya gan ka da ita, ya hana ka rijiya. Riba tana can wajen maƙeri da ɗan sumoga, mu kuwa jana'iza ce rabonmu.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, shugabanninmu su rubuta wa hukuma cewa duk bindigar da aka kama a bayyana lambarta da asalinta, a bi sawunta har kan wanda ya sayar, komai girmansa. Na biyu, kowane arɗo ya san abin da ke cikin bukkokin rugarsa, wanda aka samu da makami kada a ɓoye shi da sunan zumunci. Na uku, duk mai tsallake iyaka ya riƙe takardar kiwo da ta rigakafi, ya kai gaisuwa wajen sarkin gari kafin ya sauka. Na huɗu, gwamnati ta san cewa wanda aka ce ya ajiye makami tilas ne a tsare shi, idan an kai ƙarar sata a tashi a bi sawu a ranar, ba bayan mako guda ba.

Yaron bai sayar da bijiman ba, ya koma daji da sandarsa, amma har yau shanun da aka kore ba su dawo ba, kuma ban san tsawon lokacin da maganata za ta riƙe shi ba. Wannan kuma yana hannun hukuma.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, amin. Wassalam.

Daga sakataren reshe, Zongo, Baguida