Ana Son Gashin, Ana Ƙin Mai Gashin

Jama'a, wai shin wane irin so ne wannan da ɗan Adam yake yi wa dawisu? Sarakunan Bama sun ɗora hotonsa a tutarsu da kuɗinsu. Masu rawar Reog ta gabashin tsibirin Java suna ƙawata kawunansu da gashinsa. Amma dajin da yake kwana a ciki, kowa ya ɗauki gatari ya nufe shi.

Koren dawisu nake nufi, ba shuɗin nan na Indiya da muke gani yana taƙama a gidajen masu hali ba. Wannan shuɗin shi ne yake ruɗin mutane har su ce ai dawisu ba zai ƙare ba. To, ɗan'uwansa kore ya ɓace daga Malesiya da Bangaladash. Abin da ya rage sai 'yan garke a warwatse a Bama da Tailan da Kambodiya da Laos da Biyetnam da Java da lardin Yunnan na ƙasar Sin. Tun 2009 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar ƙarewa.

Dalili a fili yake. Tsuntsu ne mai son sararin daji kusa da kogi, a ƙasa yake yin ƙwai. Nan ne kuma manomi yake so, nan mai gonar roba yake so, nan mai gina dam yake so. Ga mafarauta, ga masu kwashe ƙwai.

Masu kare wannan ɓarna sukan ce ci gaba ya fi tsuntsu, in ya so a tara shi a gidan zu. Assha! Tsuntsun keji ado ne kawai. Dajin da aka nutsar kuwa ba ya dawowa, ballantana a mayar da shi can.

Kada kuma a ce ba yadda za a yi. A 2017 ƙungiyar Friends of Nature ta kai ƙara kan wani dam da ake ginawa a Yunnan, wanda ruwansa zai shanye mazaunin wannan tsuntsu. A 2020 kotu a Kunming ta ba da umarnin dakatar da aikin. Ashe dai ana iya taka wa masu kuɗi burki.

Rigakafi ya fi magani. Duk gwamnatin da take alfahari da hoton dawisu, to ta fara barin masa dajinsa. In ba haka ba, ta cire hoton, ta daina yaudarar mutane.