Jakar iska ba ta ƙara wa a-kori-kura ƙarfi

Uwargida, idan maigida ko ɗanki yana jigilar hatsi zuwa Dawanau ko kasuwar Dambatta ta ranar Lahadi, wataƙila kin ji yana zancen sa wa a-kori-kurarsa jakar iska. Jakunkunan roba ne biyu da ake ɗaurawa a ƙafafun baya, kusa da sifirin. Idan aka hura musu iska, bayan motar ya daina durƙushewa.

Ga inda gizo ke saƙar: motar za ta miƙe tsaf, amma birki da taya suna nan yadda suke. Hilux kusan tan 1 take ɗauka, wato buhu 10 masu kilo 100, kuma nauyin mutane yana cikin lissafin.

Ki tuna masa ya tsaya a kan bakanike. A nesanta tiyon iska da salansa, don zafi yana narka shi. A shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, akwai yoyo. Ko mota babu kaya, kada a bar jakar babu iska.

Naki aikin kuma: ko an ce motar ta samu gyara, kada yaranki su hau saman buhuna. Allah ya tsare hanya.