Majinyaci Mai Yoyon Fitsari Yana Da Hakki A Kanmu

A wannan mako za mu taɓo wata lalura wadda kunya ta hana mu ambatonta, alhali kuwa tana kwance a gadajen asibitocinmu, wato kasa riƙe fitsari ga baligi.

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya daga Musawa zuwa babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ya kwana yana jinya, ya san irin mutanen da muke nufi. Akwai dattijon da tsufa ko kumburin hanyar mafitsara ya kama, akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye, akwai kuma matar da doguwar naƙuda ta huda wa mafitsara. Irin wannan bawan Allah sai ya rage shan ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa, ya daina salla don yana ganin ba shi da tsarki. Duka biyun kuwa kuskure ne.

Game da salla, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun warware wannan mas'ala tun da daɗewa, a babin da suke kira salasul bauli. Idan fitsarin yana zuba a rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, sai dai mustahabbi ne a sabunta ta ga kowace salla, kamar yadda ya zo a cikin Risala. Abin da ya taɓa tufafi kuma an yi rangwame a kansa saboda wahalar kiyaye shi. To, wanda Shari'a ta sauƙaƙa wa, don me mu za mu ƙyamace shi?

Game da magani kuwa, abin nema yana kusa. A asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, Dokta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya fara ɗinke yoyon fitsari na haihuwa a 1984, kuma dubban mata sun warke ta wannan hanya. Ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da zarar yoyon ya fara, aka bar ta makonni, tana shan ruwa da yawa, ƙaramar ɓula takan rufe ba tare da tiyata ba. Jinkiri da ɓoyewa su ne ke ƙara ɓarna.

Saboda haka muna roƙon ma'aikatan jinya su riƙa tambayar majinyaci wannan matsala a asirce tun ranar da aka kwantar da shi. A riƙa kai shi bayan gida ko a miƙa masa fo a kan lokaci, a sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe, a wanke fata a busar, domin laima ce ke share wa gyambon kwanciya hanya. Roba kuwa kada a sa ta don hutun masu jinya kawai, gama idan ta daɗe ba bisa larura ba takan jawo ƙwayoyin cuta.

Ku kuma Alhazai 'yan kasuwar hatsi da auduga, da ku ma'aikatan gwamnati, ga ƙofar sadaka a buɗe. Sabulu, da zannuwan gado, da ledar shimfiɗa, da kuɗin motar kai mace Katsina, ba za su karya jarin kowa ba, amma za su mayar wa Musulmi mutuncinsa da sallarsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.