Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Malesiya

Ranka ya daɗe,

Kukana a kan masu shara da goge-goge na asibitocin gwamnati ne, irin Babban Asibitin Kuala Lumpur da ke titin Pahang, dab da Titiwangsa. Tun 1997 aka miƙa aikinsu ga kamfanonin kwangila. Su ke wanke jinin da ya zuba a ɗaki, su kwashe shara mai haɗari tun kafin likita ya iso. Duk da haka, da yawansu sun tsufa a kan mafi ƙarancin albashi, wanda ya zama ringit 1,700 a Fabrairun 2025.

Abin da ke sa ma'aikacin kwangila ƙwazo sananne ne: albashi kan kari, isasshiyar safar hannu da takunkumi, shugaban da ya san sunansa, da tabbacin cewa in kwangila ta sauya hannu ba za a mai da shi sabon shiga ba.

Ina roƙon a rubuta waɗannan cikin kowace kwangila, a kuma riƙa ƙidaya shekarun aikinsu wajen ƙarin albashi. Lafiyar majinyata na hannunsu.

Naka,
Wani Bahaushe mazaunin Titiwangsa